Ku Dubi Yatsu, Kada Ku Dubi Kaza

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni ce Husaina 'yar Mala baduku, matar marigayi Alkasum, ta unguwar Birni a nan Damagaram. Da hannuna nake rubuta wannan, ranar Laraba bayan azahar, a kan gadon asibiti. Hankalina yana jikina. Na san sunana, na san ranar yau, na san 'ya'yan da na haifa da wanda na binne. Ƙuguna ne ya karye, kaina lafiya lau. In kun ga rubutun yana rawa, a kwance nake yin sa, kuma tsoro nake ji. Karatuna na lakwal, wato makarantar boko, bai wuce aji huɗu ba, saboda haka inda na ɓata baƙi ku gyara da idonku, amma kada wanda ya gyara mini magana.

Gobe da safe za su shiga da ni ɗakin aiki su sa mini ƙarfe a ƙugu. Lokotoro, likitan da zai yi aikin, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce da shekaruna da hawan jinin da nake fama da shi, aikin yana da haɗari. Ya ce kwanciya babu aikin ma haɗari ce, don tsohuwar da ta daɗe a kwance bayanta yana yin gyambo, ƙirjinta ya cika. Na zaɓi aikin da bakina. Amma duk sanda aka turo gadon nan mai ƙafafun taya ta ƙofar ɗakinmu sai in kama salati, ko da ba ni aka zo ɗauka ba.

Wasiyyar nan taku ce ku uku. Kai ɗan farina, wanda tun haihuwarka kunya ba ta bar ni na kira sunanka ba, yau zan rubuta shi sau ɗaya don magana ce ta shaida: Inusa. Daga nan na koma Abba yadda na saba. Sai ke Zainabu, sai kai Ɗanƙarami autana. Falmata, matar ɗan'uwanku Lawali da ya rasu bara, ita ma a karanta a gabanta, don 'yata ce.

Na ɗaya. Gidan Birni da gonar ƙauyen Droum da awaki, a kira malami ya raba yadda Allah ya ce. Wannan ba hurumina ba ne. Amma Lubna 'yar Lawali ba ta da gado a kaina, tunda ubanta ya riga ni tafiya. Saboda haka daga cikin kashi ɗaya bisa uku da shari'a ta bar mini, na ba ta ɓangaren gonar da ke wajen tsamiya, da keken ɗinkina. Abba ya noma mata, a ajiye mata hatsinta, kada a fitar da ita daga lakwal. Falmata ta zauna a ɗakinta muddin tana so. In Allah ya kawo mata miji, a yi mata rakiya irin ta 'yar gida.

Na biyu. Babban turmin da ke bayan madafa na Hajja maƙwabciyarmu ne, aro na yi tun sunan Lubna, kunya ta hana ta tambaya. A mayar mata. Akwai azumin da na sha bara lokacin jinyar Lawali, ban gama ramawa ba. Zainabu ta san adadin, a tambayi malami abin da ya kamata.

Na uku. Wannan naka ne, Ɗanƙarami. Kana Agadas lokacin da abin ya faru, ka dawo ka tarar da labari iri biyu, na yayanka da na yayarka, ka rasa wanda za ka riƙe. Ga abin da aka shaida mini da abin da idona ya gani.

Da kaka ne. Lawali yana ɗauko harawar gyaɗa daga gonar Droum, amalanken shanu ya kife, ƙafar amalanken ta bi ta kan ƙwaurinsa na hagu. Ƙashin ya karye, tsininsa ya huda fata ya koma. Raunin ɗan ƙarami ne, ko bakin kwabo bai kai ba, shi ya sa ba wanda ya ɗauke shi da nauyi. Abba yana wurin. Zainabu ta kira shi ta salula tana kuka a kawo Lawali Damagaram. Abba ya ga mai ɗori yana nan kusa, ya ga hanya da nisa da gargada, ya tuna mutanen da aka kai asibiti suka dawo da ƙafa ɗaya. Ya kai shi wurin mai ɗori. Da so ya yi, Allah ne shaida.

Mai ɗorin ya ja ƙafar, ya shafa maganinsa har cikin raunin, ya jera kara, ya ɗaure tamau. Sannan ya ce a kawo kaza. Al'adar gidansu ce. Ya karya ƙafarta ta hagu, ya ɗaure ta da irin karan da irin tsumman, ya ce ranar da kazar ta taka ƙasa, ranar ɗorin Lawali ya kama. Ya ce kada a kwance kafin nan, kome Lawali zai faɗa.

Da na iso Droum na tarar da gidan da aka kwantar da shi duka a kan kazar. An ba ta kwando, an ba ta tsaki da ruwa a sakaina. Mai shigowa gaisuwa sai ya fara leƙa kwandon kafin ya leƙa ɗaki. Yara suna gadinta saboda shaho. Lawali kuwa yana ciki yana cizon matashi, ɗa namiji da ban taɓa jin kukansa ba tun yana goye. Yana cewa a sassauta masa, kamar an zuba garwashi a cikin ƙafar. Dattawa suka ce ai haka ɗori yake, ƙashi ne ke neman ɗan'uwansa.

Wata safiya kazar ta fito daga kwando ta taka ƙasa, ɗingis, ɗingis, har bakin rijiya. A safiyar nan Lawali ya ce zafin ya tafi. Ya ce ƙafar ta yi shiru, kamar ta wani ce aka ajiye kusa da shi. Mata suka yi guɗa. Aka dama fura aka raba. Duk gidan nan, mu manya da yara, mun san yadda yatsun kazar suke, amma yatsun Lawali suna ƙarƙashin bargo.

Falmata ce ta ɗaga bargon da za ta gyara masa shimfiɗa. Yatsun sun yi baƙi, sun yi sanyi kamar dutsen rijiya da asuba. Ta soka masa tsinke bai ji ba. Zafin da ya tafi, ƙafar ce ta mutu. Kafin a samu mota wari ya fara tashi, zazzaɓi ya rufe shi, yana kiran ubansa da ya daɗe a kabari. A nan asibitin suka yanke ƙafar daga saman gwiwa don su tare dafin, amma ya riga ya shiga jini. Ɗakin da ya cika a ciki yana can ƙarshen barandar nan. In an buɗe taga ina hango ƙofarsa daga inda nake kwance, shi ya sa na roƙi a juya mini fuska wajen bango.

Da muka koma gida sai na ji labarin ya canza a bakin mutane. An kai shi asibiti, an yanke masa ƙafa, ya mutu. Haka ake faɗa a Droum har yau, a taƙaice, babu kara, babu kaza, babu bargo.

Na huɗu. A lokacin jinyar nan na zauna da majo, babban ma'aikacin jinya na ɗakin, na yi ta tambayarsa har ya gaji da ni. Yanzu da nake kwance na sake tambaya, ina kuma kallon waɗanda ake kawowa. Abin da na tara ke nan. Ba ni da zinariya da zan bar muku, ku riƙe wannan, ku koya wa matanku da mazanku da 'ya'yanku.

In mutum ya faɗi kuna zaton karaya, ku bar shi inda yake tukuna, sai fa in wurin da wuta ko kan titi ne. Kada a ce ya tashi ya taka a gani. Kada a ja, kada a murɗa, kada a miƙe abin da ya lanƙwashe. Yadda kuka tarar da gaɓar haka za ku tallafe ta. Ku samo katako, ko kwali mai kauri, ko kara, ku naɗe shi da zane don kada ya ci fata, ku ɗora a gefe, ya wuce gaɓar sama da ta ƙasa. Ku ɗaure sama da wurin karayar, ku ɗaure ƙasa da shi, kada a kansa. Ɗaurin na hanya ne kawai, don ƙashi kada ya yi ta motsi a mota yana yankan nama. Ba shi ne maganin ba. In yatsanku ba ya shiga ƙarƙashin tsumman, ya yi tsauri, ku sassauta. Hannu kuma a rataye shi a wuya da ɗankwali.

Zobe da awarwaro da agogo a cire su nan take, kafin kumburi ya kama su. Ke Zainabu, 'yan matanki da warwaronsu, ki tuna. In da ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma a ɗora. In babu, tsumma mai ruwan randa. Kada a gasa da ruwan zafi, kada a yi tausa.

In fata ta fashe, ko da hudar ƙarama ce irin ta Lawali, wannan ba karayar gida ba ce. A rufe da zane wankakke. In jini na zuba a danna gefen raunin, kada a danna kan ƙashin, kada a tura shi ciki. Kada a zuba toka, ko garin magani, ko man shanu, ko baƙin mai na inji, ko kashin dabba, ko da wa ya ce. A nemi mota a ranar, ba gobe ba. Kuma kada a cika shi da fura da shayi don tausayi, watakila aiki za a yi masa, cikin da babu komai suke so.

Sai yatsu. Na bar su daga baya don su fi zama muku. Kowane irin ɗauri ne a jikin mutum, na kara ne ko farin nan mai tauri na asibiti, yatsu su kasance a waje inda ido zai gan su. A riƙa taɓawa. Da ɗumi ko sanyi? A danna farce, ya yi fari, jan ya dawo nan da nan? In mace ce mai lalle ba za ku ga launi ba, sai ku taɓa ku kwatanta da ɗaya hannun. A ce ya motsa su. A tambaye shi ko yana jin taɓawar. In zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, in yatsu sun kumbura sun yi fari fat ko sun yi duhu, in ya ce suna masa kamar tafiyar tururuwa ko ba ya jin su, ku sassauta ɗaurin gida ku kama hanya. In na asibiti ne ku mayar da shi su buɗe, kome dare kome rana. Wanda yake kuka a sassauta masa, ku yarda da shi. Shi ke cikin ƙafar. Kuma zafin da ya ɗauke farat ɗaya, ku ji tsoronsa fiye da zafin da ke nan.

Na biyar. Akwai waɗanda ba a tsayawa shawara a kansu. Wanda ya faɗo daga dabino ko soro ko babur yana kukan wuya ko baya, ko ƙafafunsa sun mutu, ko ya bugu a kai yana amai ko yana sambatu: kada a cicciɓe shi hannu da ƙafa kamar buhu, kada a zaunar da shi a kan kabu-kabu. Mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya, sauran su zura shi gaba ɗaya a kan abu mai faɗi mai tauri. Haka karayar cinya da ta ƙugu, don jini yana iya zuba a ciki ba a gani. Haka mai numfashi da ƙyar bayan ya bugu a haƙarƙari. Haka yaron da ya karye kusa da gwiwar hannu. Na ga ɗaya a nan, an kawo shi daga wajen Gouna, yatsunsa sun ƙanƙance kamar ƙafar tsuntsu saboda ɗauri, uwarsa tana ba shi abinci a baki. Ba zai riƙe fartanya ba, ba zai riƙe alƙalami ba. Ko abin da kuke ce wa targaɗe, in mutum ya kasa takawa, ku kai a ɗauki hoton ƙashi da suke kira radiyo. Hannu yana lalube ne, hoton yana gani.

Ku yi koyi da Falmata. Ranar da santsi ya ɗebe ni a bakin famfo, maƙwabta sun taru za su ɗaga ni su kai ɗaki. Ta tsaya a kaina ta hana, ita da ba ta ɗaga murya. Ta sa aka cire ƙyauren madafa, aka zura ni a kai, aka sa zane a tsakanin ƙafafuna aka haɗa su aka ɗaure sako-sako. A kan ƙyauren nan na shigo asibiti kamar tuwon biki a kan faifai. Tana tafe tana taɓa yatsun ƙafata tana tambaya ko ina ji. Da tsada ta sayi wannan ilimin. Ƙyauren yana wurin mai gadi, a karɓo a mayar, awaki suna shiga madafa.

Na shida. Ban ce ku zagi masu ɗori ba. Wannan hannun da nake rubutu da shi, mai ɗori ne ya gyara shi ina yarinya, ga shi yana aiki. Wanda ya ɗaure Lawali ya zo gaisuwa ya zauna a ƙasa ya yi hawaye. Abin da ya gada ya yi. Kada a bi shi da gaba. Amma jinina, daga yau, asibiti ne farko. Kuma a gidana da gidajenku kada a sake karya ƙafar kaza saboda mutum.

Na bakwai. Wannan ne dalilin da ya sa na nemi takarda. Sauran duka rakiya suka yi masa.

Ina tsoron allurar barci. Ina tsoron wuƙa. Ina tsoron in rufe ido a cikin baƙi, babu mai laƙƙana mini kalmar shahada. Amma akwai tsoron da ya fi waɗannan. Ina tsoron in mutu gobe, ku ce asibiti ya kashe ta. Na san yadda za a taƙaita shi: an kai ta, an yi mata aiki, ta mutu. Za a haɗa ni da Lawali a ce gidan Alkasum sun kai mutum biyu asibiti, ba wanda ya dawo. Sai wata rana Lubna ta faɗo daga tsamiyar gonarta, ko ɗan Zainabu daga katanga, ko kai Ɗanƙarami daga babur ɗin nan da ba ka jin magana a kansa. Sai wani ya ce kada a kai, ku tuna abin da ya sami tsohuwa. Sai a jera kara, a aika a kamo kaza. Gawata ta zama ita ce igiyar da za a ɗaure jikana da ita.

Abba, da kai nake. Shekaranjiya ka tsaya a bakin gadon nan ka ce in yarda ka mayar da ni gida, ka ce ba za ka iya sake fita da gawa ta ƙofar nan ba. Na ga idonka. Ban ƙi don na raina ka ba. To ka ji da kyau. In ban farka ba, tsohuwa ce mai hawan jini kwananta ya ƙare, an faɗa mata haɗarin, ta sa hannu da kanta. An kawo ni da wuri, an yi abin da ya dace, Allah ya yi nasa. Lawali kuwa an kawo shi bayan ƙafar ta mutu. Mutuwa biyu ce daban, kada ka bari a ƙulla su wuri ɗaya. Duk wanda ya ce asibiti ya kashe uwarku, a wurin zaman makoki ne ko a kasuwar Dole, kai za ka tashi ka ce ba haka ba ne. Bakinka zai fi na kowa nauyi, don kowa ya san inda ka tsaya a da. Duk wanda ya hana a kai jikana asibiti da sunana, ban yafe wannan ba. Ban taɓa faɗa muku irin wannan kalma ba tun da na haife ku. Na bar ta a nan.

Na takwas. Abba da Zainabu, tun ranar da aka binne Lawali ba ku gaisa ba. Ke kin ce shi ya kashe shi. Kai ka ce ita da asibitinta suka yanka shi. Ko a nan kun raba lokaci, in ɗaya ya shigo ɗaya ya fita, kuna zaton ban lura ba. Zainabu, kin yi gaskiya a kan ƙafar, amma kalmar da kika jefi yayanki da ita ta fi ƙarfin laifinsa. Shi ya ɗauko ƙanensa a baya daga gona, shi ya wanke shi, kuma tun daga ranar bai sake ɗaura wa shanun nan amalanke ba. Ki janye. Abba, ƙanwarka ta roƙe ka ba ka ji ba. Ka faɗa mata haka da bakinka, sau ɗaya ya isa.

Kazar tana gidana. Bayan rasuwar ba wanda ya iya yanka ta, ba wanda ya so ganinta, sai na sa ta a kwando na taho da ita Birni. Ta warke sarai, ɗan ɗingishi kawai ya rage. Ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe har sau biyu. Kowace safiya ina watsa mata tsaki ina kallon ƙafar nan da ta warke, ina jin abin da ba zan iya rubutawa ba. Ita ba ta da laifi, ba a tambaye ta ba aka karya ta. Amma ta isa haka.

Ranar Juma'a, ko ina raye ko ba na raye, Abba ya yanka ta, Zainabu ta dafa. Ku zauna ku uku da Falmata a tsakar gida, kwano ɗaya. Ku zaunar da yara, Abba ya faɗa musu labarin kazar tun daga amalanke har bargo, kada ya tsallake komai. Sannan kowane yaro ya kama hannun ɗan'uwansa ya danna farce ya ga yadda jan ke dawowa.

Na yafe muku duk abin da ke tsakaninmu, wanda na sani da wanda ban sani ba, sai abu ɗaya da na ambata. Ku ma ku yafe mini. Nonon da kuka sha halal ne. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku, ya tsare ƙasusuwanku da na 'ya'yanku. Allah ya jiƙan Alkasum, ya jiƙan Lawali, ya tashe shi da ƙafafunsa biyu. An ce zumunci a ƙafa yake. Naku ya karye bara, kun rufe shi da bargo kuna kallon wani wuri. Ku ɗaga ku duba tun da sauran ɗumi.

Gobe da safe ina son ku biyun, Abba da Zainabu, ku tsaya a bakin ƙofar ɗakin aiki tare, inda zan gan ku kafin a tura ni ciki. Ku tuna mini da shahada, don tsoro yana iya ɗauke mini ita.

In na farka, ku kawo mini romon kazar.

Mahaifiyarku,
Husaina